Yunwa a Gindin Rumbu

Bana ruwa ya yi jinkiri. Malamanmu na jami'a sun shiga yajin aiki, ba wanda ya san ranar komawa, sai na baro Damagaram da littattafai uku a jaka. Na sauka Dungas, na hau kabu-kabu zuwa ƙauyenmu da ke gaba da Dogo-Dogo, iska tana dukan fuskata kamar an buɗe bakin tanderu. An share gonaki, wasu ma sun yi binne, wato shuka tun kafin ruwa, kowa ya zuba wa gabas ido. Da rana tsaka babu inuwa a gidanmu sai ta rumbu. A nan nake shimfiɗa tabarma in yi karatu, kaina dab da zanar da aka saƙa shi da ita, ina jin ƙamshin gero yana fitowa ta tsakanin ciyawa.

Rumbun yayana ne, Yaya Sani. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, tuni ya sakar masa gandu. Bayan kaka Yaya ya zuba damman gero, ya ɗora jinka, ya ɗaure da igiyar kaba, ya tafi cin rani Najeriya. Haka ake yi a wajenmu. Rumbun tsimi ne, ba a taɓa shi sai ruwa ya sauka maigida ya dawo, domin da shi za a ci a samu ƙarfin noma. Kafin nan mata ne ke riƙe gida da abin da suka samu a gamana, ƴar gonar da ake yanka wa kowace mace. Geron gamanar Balki, matar Yaya, ya ƙare tun kafin in zo. Ƴarta Ladidi, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, kullum tana zaune kusa da ni, ba ta wasa, gashinta ya fara ja. An kai ta likita, aka auna dantsenta da wani ɗan zare mai launi, aka ce ba ta kai ja ba tukuna, a dawo da ita in ta kai.

Cikin littattafan nan uku, na fara da ƙagaggen labari. Da Faransanci yake, wani ɗan ƙasarmu mazaunin waje ya rubuta shi, a kan wani ƙauye da fari ya cinye. An yaba shi ƙwarai, kuma ya iya jera magana, ban hana shi wannan ba. Amma littafin aro ne, shi ya sa da fensir nake yin alama a hankali yadda zan iya gogewa, kuma kafin in kai rabi gefen shafukan ya cika. Matansa suna tsinkar ɗanyen tafasa a tsakiyar bazara, alhali tafasa ba ta tsiro sai ta sha ruwa. Mutanensa suna tsayawa da yunwa su yi dogon jawabi suna kallon faɗuwar rana. Mai jin yunwa ba ya doguwar magana, ko sallama a taƙaice yake amsawa. Sai wurin da kowa ke yabo, inda tauraron labarin ya tura ƙofar rumbu ya tarar ba komai sai ƙadangare. Rumbunmu ba shi da ƙofa, ta sama ake shiga. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, a wajensa yunwa ita ce rumbu wayam. Yunwar da ni na sani, da gero a rumbu muka yi ta.

Ina aji uku na lakol, wato firamare, a shekarar. Damina ta yanke da wuri, gero bai cika ido ba. Abin da aka samu a gandu Baba ya zuba a rumbu ɗaya, bai kai baki ba amma ya wuce rabi. Yana da irin ƙullinsa, biyu baya da baya, sannan ya soke ƙaya a tsakiya, yadda ko taɓawa aka yi zai gane. Ya ɗauki Yaya Sani, lokacin yana saurayi, za su Kano dako. A ƙofar gida ya ce wa Inna, "Ga gida nan, ga rumbu nan. Amana ce."

Inna ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Muka rage mu uku: Inna, da ni, da ƙanwata Rabi da ke shan nono.

Da sanyi ba mu ji komai ba. Geron gamana yana nan, fura da rana, tuwo da dare. Sannu a hankali tuwo ya koma na kwana bibbiyu, daga baya ya tsaya, aka koma kunu, kunun ma yana ta tsinkewa har kana ganin gindin ƙwarya. Inna ta shiga yankan kaba tana saƙa tabarma. Ranar kasuwa mu ɗauka mu tafi, mu tarar duk matan karkara abin da suka yi ke nan, tabarmi jere har bakin hanya ba mai tayawa. In an dace a musanya da dusa, ko ɗan garin rogo da ake shigowa da shi daga Najeriya.

Da bazara ta kama sosai, rijiya ta yi ƙasa, har sai da aka ƙara wa igiyar guga tsawo da tsohon zane. Da asuba muke zuwa, domin in hantsi ya yi rairayi ba ya takuwa. Daga rijiya mu wuce daji neman yaɗiya da ganyen jiga. A dafa, a zubar da ruwan, a sake dafawa, a barbaɗa gishiri, in akwai ƙuli-ƙuli a murmusa kaɗan don ƙamshi. Da ganye ya yi wuya muka koma anza. Ƴaƴan anza sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana canza ruwa, duk da haka ɗacin ba ya fita duka, yana zama a bayan harshe har washegari. A lakol Mushe, malamin ajinmu, yakan dube mu muna gyangyaɗi tun da safe, ya ajiye alli ya ce mu tafi gida.

In na dawo, a gindin rumbun nan muke zama, don nan ce inuwa. Inna tana saƙa, Rabi tana kan cinyarta, gero yana bisa kanmu. Wani lokaci ɓera yakan yi ɓarna a ciki, ƴan ƙwayoyi su zubo ta ƙasa. Inna ba ta taɓa su ba sai da ta aika aka tambayi liman ko abin da ya zubo da kansa yana cikin amana. Ya ce ba ya ciki. Daga ranar ta shimfiɗa tsohon zane a ƙarƙashin rumbu, kullum da safe ni ke kakkaɓewa kafin kaji su riga ni. Bai taɓa cika tafin hannuna ba. Ina jin a duk garin mu kaɗai ne gidan da ake fatan ɓera ya yi ƙwazo.

Littafi na biyu na waƙoƙi ne, da Hausa. A cikinsa akwai waƙa ɗaya da na karanta na ajiye littafin na daɗe ban ɗauka ba. A kan shirun gari ce, safiyar da ba a jin ƙarar turmi ko a gida ɗaya. Wannan mutumin ya taɓa jin shirun nan, na tabbata. Ya ma san cewa mai ɗan abin dakawa a cikin ɗaki take daka, a hankali, don kada maƙwabta su ji. Sauran waƙoƙin kuwa yabon uwa ne. Ya mai da ita ƙasa, ya mai da ita rijiya, ya mai da ita inuwar gawo. Ba inda ya bar ta ta zama mace mai ciwon kai da jiri, wadda aka bar wa hukuncin da ya fi ƙarfinta. Haƙurinta yake ta rerawa da daɗin murya, bai tambayi abin da haƙurin ya ci ba.

Nonon Inna ya ƙafe. Rabi ta ƙi ganye, in an ɗura mata ruwan dusa sai ya bi ta. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura. Wata rana maƙwabciyarmu Iya Tabawa, tsohuwa ce mai faɗin abin da ke ranta, ta shigo ta dubi yarinyar, ta dubi rumbu.

"Ke Hajara, tashi ki kwance igiyar nan ki ciro dami ɗaya. In ya dawo ki ce ni na sa ki."

"Iya, in na ciro ɗaya yau, gobe fa? In ruwa ya sauka da me zai riƙe hauya? Kuma a ce matar Malam Idi ta haura rumbu?"

"A ce mana! Bakin nasu ne zai ba yarinyar nan nono?"

"Ruwa ya kusa, Iya."

"Kin yi shawara da ruwan ne?"

Abin da Inna ta yi shi ne, ta ba wani mai tafiya Kano saƙo, in ya ga Baba ya gaya masa yarinya ba lafiya, ana neman izinin rumbu. Waya ba ta zo ƙauyenmu ba a lokacin. Mutumin ya daɗe, ya dawo ya ce Kano ba Dogo-Dogo ba ce, ya tambaya bai samu wanda ya san shi ba.

Rabi ta daina kuka. Ni a yarintata murna na yi, na ɗauka sauƙi ne. Da hantsi ta rasu, a kan tabarmar da Inna ba ta gama saƙawa ba, a inuwar rumbu. Dattawan da ba su tafi cin rani ba suka kai ta, mutum ɗaya ya isa ɗaukarta.

Ba a yi mako ba hadari ya haɗu. Iska ta taso da la'asar, jajawur, ta kwashe dangar gida, sannan ruwa ya sauka da ƙarfi, ƙasa ta ba da ƙamshin nan da ke sa mutum son ya ɗiba ya ci. Yara suka fita tsirara suna ihu. Ina tsaye a ƙofar ɗaki na ga Inna ta fito a guje da tabarma, ta taka turmi, tana rufe gefen jinkar rumbu da iska ta ɗaga, don kada ruwa ya taɓa geron.

Maza suka dawo cike da bayan kamiyo, manyan motocin nan na kaya. Baba ya yi kukan Rabi, na gan shi a bayan ɗaki, ba zan ɗauke masa wannan ba. Washegari da safe ya je ya duba ƙullinsa, ƙaya tana inda ya soke ta. A gaban masu zuwa ta'aziyya ya ce, "Hajara ta riƙe amana." Ya hau ya miƙo dami. Aka sussuka, aka surfa, aka daka. Tuwon ranar na ci har na yi amai, na kurkure baki na koma na ƙara.

Da geron nan aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai. Kullum da hantsi ina kai fura gona a ƙwarya, mai kauri, Baba da Yaya su sha su koma kan hauya. Gidajen da suka buɗe rumbunsu tun da rani, mazansu ƙwadago suka shiga yi a gonakin wasu don abin kaiwa baki, nasu gonakin ciyawa ta cinye. Mu kuwa a kakar nan sai da aka saƙa rumbu na biyu. Shi ya sa har yau ba wanda ya taɓa cewa an yi kuskure. In za a kai amarya a garinmu, cikin nasihar da ake mata har da ta zama kamar Hajara.

Littafi na uku tarihin rayuwar wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya tashi a ƙauye irin namu. Shi ya fi ba ni haushi, don shi ya san abin, ba kamar na farko ba. Ya san anza, ya san ɗacinta. Amma ya ce yunwa ce makarantarsa ta farko, ita ta gina shi, har godiya yake mata. Mahaifiyarsa shafi ɗaya ta samu. Ƙanensa da ya rasu a shekarar, rabin jimla, ko sunansa babu. Motarsa ta farko kuwa babi guda. Wanda ya rayu ne ke rubuta littafi, sai ya ɗauka darasi aka ba shi. Ni ma na rayu. Abin da yunwa ta koya mini shi ne saurin cin abinci, da ɓoye guntun burodi a jaka ko da na ƙoshi, har ƴan ɗakinmu a jami'a suna yi mini dariya.

Ranar da na rufe littafin nan, Ladidi tana kwance a gefen tabarmata. Na lura tun safe ban ji kukanta ba. Balki ta fito da tukunyar yaɗiya.

"Malama, littafin naki bai faɗi ranar da za a yi ruwa ba?"

"Kin gaya wa Yaya halin da yarinyar nan take ciki?"

"Mun yi waya ran Juma'a. Na ce duk muna lafiya."

"Don me?"

Ta ajiye tukunyar, ta rage murya. "Ke ma dai, Zuwaira. A gidan wa nake aure? Duk garin nan da Inna ake mana misali, ni ce zan buɗe baki in ce a kwance rumbu? Gobe a rijiya a ce surukar Hajara ta kasa."

Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Na daɗe a zaune ina juya wayata kafin in je wurin Inna, tana ƙofar ɗakinta tana saƙa.

"Inna, zan kira Yaya."

Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Ki ce wa yaron nan me?"

"A ciro dami."

"Ruwa ya kusa."

"Haka kika ce wa Iya Tabawa."

Ban yi niyyar ta fito haka ba. Hannunta ya tsaya a kan kaba. Ba ta dube ni ba, rumbun ta duba.

"In aka kwance wannan saboda Ladidi, to Rabi fa? Me zan ce na tsare?"

Amsar wannan babu ita a ko ɗaya daga cikin littattafan nan. Na sa takalmi na hau tudun bayan gari, inda waya ke kamawa. Yaya ya ɗauka cikin hayaniyar kasuwa. Na gaya masa komai bi da bi: gashin, da zaren likita, da geron gamana da ya ƙare, da kukan da ta daina.

"Haba! Shi ne ba wanda ya gaya mini? Ku kwance mana! Ku ciro abin da zai isa, in ya gaza da damina mu ga abin da Allah zai yi."

"Wa zai hau?"

"Ke mana. Ba ke ce ƴar boko ba? Ko ba a koya muku hawan rumbu a jami'ar?"

Wayar ko zafi ba ta yi a kunnena ba muka gama.

Na dawo na ce, "Inna, ya ce a kwance."

"Haka kawai?"

"Haka kawai."

"Bai yi faɗa ba?"

"Faɗan da ya yi na rashin gaya masa ne."

Na taka turmi na hau. Ƙullin irin na Baba ne, biyu baya da baya, da ƙaya a tsakiya. Na zare ƙayar, igiyar ta warware ba wuya. Ban taɓa ganin cikin rumbu ba sai ranar. Zafi ne ya fara bugo ni, da ƙamshi, ga damman nan kwance lafiya lau. Na miƙa wa Balki.

Baba yana zaure a kan buzunsa da tasbaha. Da ya ji ƙarar turmi ya ɗaga murya, "Me ake daka ne a gidan nan?" Na je na durƙusa na gaya masa.

"To, madalla," in ji shi. "Ai don mutum ake ajiye hatsi. Ni ma da an tambaye ni wancan karon, cewa zan yi a kwance."

A hankali ya faɗa, ba da nufin komai ba, ya ci gaba da jan tasbaharsa. Zauren ba shi da nisa da turmi. Inna ce ke riƙe da taɓarya, ta karɓa daga hannun Balki. Na ji dakan ya tsaya. Can ya ci gaba.

Ita ta dama kunun da kanta, ta ɗora Ladidi a cinya, ta riƙa ba ta da ludayi kaɗan-kaɗan tana hurawa. Da aka kwashe tuwo ta ce ba ta jin yunwa.

Har yanzu ruwa bai sauka ba. Rumbun yana raguwa, ban san abin da za a ci ranar noma ba, wataƙila masu cewa surukar Hajara ta kasa su samu abin faɗa. Na goge alamun fensir ɗina, na mayar da littattafan cikin jaka. Ladidi ta dawo da kuka, jiya har ta ja mini gashi. Kullum Inna ce ke dama mata kunu, amma ita ko sau ɗaya ba ta kai geron rumbun nan bakinta ba. A bayan ɗakinta akwai tukunya da ta jiƙa anza, kowace safiya tana canza ruwan.